Gurbin Sifiri

A shagon Malam Ardo, can Jekadafari,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
mu tara ne a kan kwamfuta huɗu.
Ya ce, "Yau jeri za mu yi.
Kowa ya zuba abin da ya ga dama tsakanin baka biyu masu kusurwa,
waƙafi na raba su kamar kunyar gona."

Wani ya jera motocin tashar Dukku,
wata ta jera kayan miya har da daddawa.
Ni 'ya'yan Inna na jera, yadda muka zo duniya:
Lamiɗo, Dija, Bappa, Asabe, Inuwa, Kulu,
sai ni a wutsiya.

"To, a ciro guda ɗaya."
Na buga lamba ɗaya, na gyara zama ina jiran Yaya Lamiɗo.
Allo ya miƙo mini Dija.
Na goge, na sake. Dija dai.
Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Yaro, a nan daga sifiri ake fara ƙirga.
Na fari yana nan, ba a dai ce masa ɗaya."

Sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.
Ai na san wannan lissafin.
Shekara talatin Inna ba ta taɓa kama sunansa ba.
"Wancan ya ci abinci?" "Ku kai wa mai babur ruwa."
In baƙuwa ta tambayi yaranta,
daga Dija take farawa, tana lanƙwasa yatsu,
shi kuwa yana can cikin shirun da ke gaban ƙirgar.

Na buga sifiri. Ga shi ya fito,
harafi shida, fari tas a baƙin allo.

Na buga bakwai, tunda mu bakwai ne.
Na'ura ta yi ja, ta ce na wuce gona da iri,
babu kowa a wannan gurbi.
Na sa alamar ragi da ɗaya, ta zagaya ta bayan gida
ta kamo auta da kunne. Ni ke nan.

Daf da la'asar Malam ya nuna wani umarni.
"Wancan leƙawa kawai yake yi, ya bar abu a mazauninsa.
Wannan kuwa cirewa yake ɗungurungum,
na baya su matso gaba, su cike wurin."
Kowa ya gwada. Tattasai ya fita, motar Kumo ta fita.
Ni na naɗe hannu.
An riga an gwada mana shi bara, a kwanar Bojude,
ranar wata Talata da ruwan sama.
Dija ce yanzu ke biyan kuɗin wannan darasin.

Mai ya ƙare, allo ya mutu ban adana komai ba.

A gida na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai.
Kwalkwalinsa na rataye inda ya saba barinsa.
Ta ce, "Me aka koya muku yau?"
Na ce, "Ƙirga irin taki."
Ba ta ɗago ba.
Ta ware wani ɗan tsakuwa gefe, ta ci gaba.