Teku a Cikin Gwangwani

Yau kwana tara famfon Birni bai ko yi tari ba.
Ɗan garuwa ya wuce, farashi ya hau duwatsu,
ni kuwa ina zaune da teku goma sha ɗaya
a cikin gwangwanin biskit.

Na farko, Kaka Kiyari ne.
Bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin unguwa ba
Faransawa suka hau da shi jirgin yaƙi a Dakar,
suka ba shi hula mai jan tuntu.
Ga shi a Tulon, ya dafa igiya mai kaurin cinya.
Abokinsa ne ya ɗauka, hannu na rawa,
shi ya sa aka guntule masa kunne ɗaya.
A bayan hoton, da ajami, layi guda:
"Ruwan nan ba ya shawuwa."

Sauran tsinto su na yi.
Biyu daga ƙasan adakar wata tsohuwa a Zango.
Ta ce mijinta ne, ta ce a'a, ƙanensa,
ta karɓi sukari tiya ɗaya,
ta ce in tafi da su, suna hana ta barci.
Ɗaya a kasuwar Dole na ƙwato shi,
mai tsire na shirin hura wuta da shi.
Har yau Jibuti tana ƙanshin yaji.

Ga Saigon, mata da malafa suna tuƙa kwalekwale.
Ga raƙumi a bakin gaɓa, yana harara
sak na Buzayen da ke sauke mana gishiri.
Ga wata yarinya rungume da abarba,
ban san garin ba, ban san sunan ba,
wani ya yi ta shafa fuskarta da ɗan yatsa
shekara da shekaru, har ta koɗe.
Abarbar ce kaɗai ta rage.

Gaptiya, matata, ta ce:
"Mutanen da ba ka haɗa jini da su ba,
ka tara su kana kore musu gara,
rufin ɗakinka na jiran damina."
Na yi shiru. Tana da gaskiya.
Amma wanda ya tsallake ruwa bakwai
bai kamata kyankyaso ya cinye shi a tudu ba.

Wajen ƙarfe ukun dare famfo ya yi atishawa.
Unguwa ta tashi, bokiti na bugun bokiti.
Jikata Fanna ta zo da moɗa cike,
tana tafe a hankali kamar ta ɗauko ƙwai.
Ta leƙa gwangwanin, ta ce:
"Duk wannan ruwan, Baba, suka bar shi suka dawo?"

Na gutsuri mangul, na jefa a moɗar,
na ce kurɓa.
Ta kurɓa, ta tofar, ta yi mini kallon mugu.
Gaptiya ta ƙwace moɗar,
ta ce a zuba wa akuya, ba a zubar da ruwa a Damagaram.