Na Bakwai Cikin Goma Sha Ɗaya

Ta zo da shi naɗe a tsohon ɗankwali,
ta ajiye tsakanin agogunan da suka mutu a teburina.
Ta ce, "Baba Jaɓɓi, wani mutumin Kano
ya taya dubu tamanin. Duba mini."

Ni gyaran agogo na gada, ba dillanci ba.
Amma duk Ƙaura Namoda an sani,
in dai jirgin Nomau Maidalma ne, ni ake kawo wa,
don ni na hura masa gawayi ina ɗan shekara tara.
Goma sha ɗaya ya ƙera.
Ya so ya cika dozin, ido ya ƙi.
Yau daga nan zuwa Gusau sai ka ƙirga arba'in,
kowa na rantsuwa nasa ne na gaske.

Ba na farawa da fuska. Fuska ta mai saye ce.
Na kife shi kamar kunkuru.

Ƙafa shida, duk anini mai huji,
tauraron ya goge har ya kusa ɓacewa.
Masu jabu da murfin kwalba suke yi.
Ga ɗinkin dalma: Nomau bahago ne,
hannunsa daga dama yake gangarowa,
ya tsaya da ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero.
Na shinshina tukunyar: kananzir da tsatsa,
babu warin gam.
Na sa gilashi a ido, na karkata shi ga hantsi.
Can ƙarƙashin taragon gawayi, da tsinin ƙusa,
bakwai ta ajami, ta buɗe sama kamar ƙahon bijimi.

Nasa ne.

Na murɗa makullin sau huɗu.
Zaren agogon da ubana ya ba shi bashi, bai biya ba,
ya yi tari, ya farka.
Jirgi ya ratsa tebur, ya ture sukudireba,
sai da na tare shi da tafin hannu a gaɓa.

Sai dai fentin.
Baƙi Nomau yake shafawa, da jan layi ɗaya tal.
Wannan kore ne shar, irin na ƙofar shago,
har da gashin buroshi manne a rufin.
Na ce, "Wa ya yi wannan ɓarnar?"

Ta daɗe tana kallon ƙasa.
"Ni ce. Ina aji uku.
Babanmu ya dawo daga juya layi ya tarar.
Na ɓuya bayan rumbu ina jiran bulala,
sai na ji shi yana dariya,
wai jirgi ya shiga damina."

Labbo ke nan. Na san dariyar.
Mu muka kai shi makwanci bara.

Na faɗa mata gaskiya, ita ce kayan aikina:
da baƙinsa, dubu ɗari uku ba a yi tsada ba.
Da koren nan, rabi.
Mutumin Kano ya sani sarai,
dare ɗaya zai wanke shi, ya kai Abuja.

"In an wanke, baƙin zai dawo?"
"Zai dawo."
"Koren fa?"
Na gyara gilashi, ban ce komai ba.

Ta naɗe shi, ƙulli biyu.
Ba ta ce za ta sayar ba, ba ta ce ta fasa ba,
na kuwa san kuɗin makarantar ƙaninta na jira.
Ta ƙetare layin dogo inda awaki ke kwance,
ta bi bayan tsohon siton gyaɗa.

Na buɗe littafina.
Na uku: gobara ta ci.
Na biyar: wani Bature ya tafi da shi.
Na tara: ba labari.
Na lashi bakin fensir, na rubuta:

Na bakwai. Hannun Tumba 'yar Labbo.
Yana tafiya.
Kore.