Layi na Arba'in da Bakwai

A Kabala ta ƙasar Girka, ofishina na hawa na biyu,
tagarsa na kallon teku da tsoffin rumbunan taba.
Shekara sha tara ina riƙe da littafin kuɗin gari.
Ba ni da ƙuri'a a majalisa,
jan biro kaɗai ne rabona.

Takardar da ta zo daga Atina bana gajeriya ce:
a rage, in an gama a ƙara ragewa.

Layi na shida, man ɗumama makarantar firamare,
inda yara ke koyon rubutu da safar hannu.
Layi na sha ɗaya, tukunyar wake ta bayan coci,
baki ɗari biyu da talatin, jiya an ƙaru da uku.
Cikin ukun har da Anestis, wanda ya koya mini lissafi.
Ya sunkuyar da kai,
ni ma na tsaya gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Layi na arba'in da bakwai, badujalar gari:
yuro dubu sha huɗu,
hayar ɗaki, ladan mai koyarwa, facin ƙahoni.

Daren Talata aka zauna.
Ebdokiya ta buga tebur, ta ce ciki ba shi da kunne,
da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Gaskiya ta faɗa.
Lefteris mai gidan burodi ya miƙe, gari a gashin girarsa,
ya ce to ranar Juma'ar makoki wa zai ja mu zuwa bakin ruwa?
In na mutu, shiru za ku raka ni kamar kayan sata?
Shi ma bai yi ƙarya ba.

Har sha ɗayan dare mai cokali da mai ƙaho
suna shaƙe da wuyan juna.
Layi na uku kuwa, sabbin motocin manya
da kuɗin zuwa taro a ƙasar da ba a sanyi,
ya kwanta luf kamar kyanwa a kan tanda,
ba wanda ya taka masa jela.

Bakwai da biyar. Aka ce in soke.

Ban faɗa musu ba, wancan babban ƙahon mai lotsa a gefe
ubana ya goya shi shekara talatin,
yana nannaɗe da shi kamar mesar tagulla.
Yanzu ɗana Stratos ke busa shi,
tikitinsa na Jamus na cikin aljihun tebur, ya zaci ban gani ba.

Na ja layin da rula. Ya miƙe sarai.

A hanyar gida na bi ta rumbun taba.
Suna ciki da rigunan sanyi, labari bai kai musu ba,
suna ta maimaita wuri ɗaya da ya ƙi zama.
A dakalin waje Anestis ne zaune, kwanonsa a cinya,
yana ƙirga musu bugu da cokali:
ɗaya, biyu, uku, a sake.

Na laluba aljihu don makulli,
sai na ji danshi.
Biron ne ya fashe.