Faɗin Makara

Ranar Asabar suka shimfiɗa Aboabo a kan tebur
a farfajiyar makarantar Malam Issaka,
suka danne kusurwoyinta da duwatsu huɗu
kada iska ta tafi da mu.

Na sa tabarau na duƙa.
Ga titi, ga kogi an ja shi shuɗi,
shuɗin da ban taɓa gani a ruwanmu ba.
Gidana bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Shekara arba'in da ɗaya na yi cikin ƙwayar nan.

Yarinyar da ta zo da taswirar, Afia,
Hausarta ta kasuwa, takalminta na ofis,
ta ce, "Ku faɗa min abin da babu a nan."
Muka yi tsit.
Mun saba a zo a shafa jan fenti a bango a wuce,
ba mu saba da tambaya ba.

Adiza mai koko ce ta fara.
Ta dangwala yatsa, da sauran ƙullu a farcenta:
"Nan da kuka ce kango ne,
nan muke shanya, nan ake suna,
nan Fuseini ya koyi tafiya,
ya faɗa kwata sau biyu kafin ya iya."
Ƙullun ya bar tabo a takardar. Afia ba ta goge ba.

Daga nan baki ya buɗe.
Seidu direba na son tasha,
samari na son filin ƙwallo,
Alhaji Tahiru na son shaguna goma sha biyu
a daidai inda samarin ke so.
Mata suka ce famfo, famfo, sai kuma famfo.
Wani ya yi fushi ya fita,
ya dawo don ya manta hularsa, ya zauna.

Ni kafinta ne, Mumuni.
Na yi gadon aure, na yi allon yara,
makarar masallacinmu ma ni na haɗa ta.
Daminar da Salamatu ta rasu,
muka ɗauko ta ta lungun Bawa,
makara ta ƙi juya kwana.
Muka karkata, ta ƙi. Muka ɗaga, ta ƙi.
Ta kan katanga muka miƙa ta, hannu zuwa hannu,
matar da ko ƙofa ba ta taɓa bugawa da ƙarfi ba.

Na ce, "Ba na son shago, ba na son fitila.
A ba ni lungu mai faɗin makara
da kafaɗun masu ɗauka."

Afia ta ce, "Ƙafa nawa ke nan, Baba?"
Na zaro awona daga aljihu.
Taron ya tashi ya biyo ni,
har da Adiza da bokitinta,
muka tsallake kwata, muka sunkuya wa igiyar shanya.
Ƙafa uku da rabi.
Ana neman bakwai.

Aka dubi hagu: katangar Alhaji Tahiru.
Ya yi tari, ya ce zai yi shawara da 'ya'yansa.
Aka dubi dama.
Ban ɗaga kai ba, na san bulon,
ni na ɗora shi.
Mai ɗaki ya san inda ke masa yoyo,
ban san ni ne yoyon wani ba.

Na ce, "Rubuta ƙafa biyu daga wajena."
Ta rubuta da fensir.
Seidu ya ce fensir gogewa yake,
don haka Laraba za mu cika motarsa zuwa majalisa,
kowa da kuɗin kujerarsa.

Da dare na haska bangon da tocila.
Ƙusar da Salamatu ke rataye faifai tana nan,
cikin ƙafa biyun.
Na ɗauko filaya.
Na ajiye.
Laraba da sauran kwana huɗu.