Gashi Na Shida

Daga gindin mangwaron bayan ɗakin gwaji a Akoka
na ɗebo ƙasa cokali uku, da ruɓaɓɓen ganye.
Danfo na ta ihu a bakin ƙofa,
ba wanda ya san gari guda na ƙunso a leda.

Na juye a mazurari, na rataya ƙwan lantarki a bisa.
Mazauna ƙasa ba sa shiri da zafi,
sai su yi ta gangara har su faɗa kwalbar sifirit.
Aikin kwana huɗu ne. Wuta ta yi ta wasa da mu,
sai da muka kwana tara.

Ga shi yau ƙarƙashin madubi.
Da ido bai kai ƙwayar acca ba,
a nan kuwa ya cika mini duniya.

Dakta Ogunbiyi ta ce, fara da ƙafafu.
Takwas ne.
To ba dangin ƙuda ba ne, ɗan'uwan kaska ne da gizo-gizo,
sai dai shi bai taɓa shan jinin kowa ba.
Fumfuna da mataccen ganye, shi ke nan tuwonsa.

Bayansa ƙoƙo ne da aka kife,
ruwan goro, sumul, yana ƙyalli kamar an shafe shi da man ja.
A kafaɗu akwai fiffike biyu da ba su san sama ba.
In ya ji motsi sai ya sauke su kan ƙafafunsa
yadda mai shago a Idumota ke jan ƙyaure
da zarar an ce ga rigima nan tafe.

A goshi kunyoyi biyu sun miƙe zuwa hanci,
kowace da silin gashi a ƙarshenta.
Na nemi idanu, babu.
Sai wasu 'yan ramuka biyu kamar kofin shayi,
daga kowanne gashi ya fito, kansa a kumbure
kamar gular ganga.
Da su yake jin numfashin duhu.

Na birkice shi da tsinin allura, hannuna na rawa.
A cikinsa ƙofofi biyu, kowace mai ganye biyu:
ta gaba ta haihuwa, ta baya ta bayan gida.
Farce uku a bakin kowace ƙafa,
na tsakiya ya fi kauri.

Ƙirga gashin ƙofar gaba, in ji ta.
Na ce biyar.
Ta ce, Asabe, sake dubawa.
Na sake. Biyar.
Na rantse a zuci cewa tsufa ya taɓa idonta.
Ta murɗa madubin kaɗan, kamar mai neman tasha a rediyo,
sai ga wani ɗigo a gefe, fayau,
gurbin gashin da ya karye tun yana ƙasa.
Ta ce, rubuta shida.
Abin da ya faɗi, raminsa na ba da shaida.

Na yi shiru.
Na tuna Baba a Agege, gaban huhun goro,
yana ware marsa da minu ba tare da ya duba ba,
yatsansa na gane wanda tsutsa ta shiga
tun ɓawon bai nuna ba.
Shi da ke tambayata kullum,
wai me ake biyan ki ki gani a cikin datti?

Na rubuta takarda ƙarama da fensir:
Akoka, gindin mangwaro, watan bakwai, bayan ruwa.
Gurbin suna na bar shi fari,
don sai an gwada shi da na cikin littattafai,
kuma Dakta ba ta son gaggawa.

Da yamma cunkoso ya riƙe mu a Oshodi.
Kwandasta na zagin wani, ruwa na ɗiga ta rufin mota.
Na dubi hannuna a kan jaka,
ga ƙasar mangwaro baƙa ƙarƙashin farcena.
Na ɗauko tsinke zan sakace,
sai na fasa.