Makullin Sito Yana Wuyana

Yaƙi ya ƙare tun ana sassabe,
yau ga gero ya fid da kai a gonakin Tibiri,
ni kuwa makulli na nan a wuyana,
rataye da igiyar rama kamar laya.

Sito uku ne a kan hanyar Ɗan Isa.
Da hantsi nake buɗe su in ƙirga:
barguna dubu huɗu, ba wanda ya taɓa jin ɗumin mutum,
tantuna a naɗe, fitilun hannu,
madarar gwangwani, shinkafa buhu ɗari bakwai,
da tayu goma sha biyu na motar da ba ta taɓa isowa ba.
Na ƴan gudun hijira ne.
Su kuwa sun naɗe tabarmi sun koma garuruwansu,
suka bar mana taimakon da ya zo a makare.

Manya sun sauka a babban otel.
Masu kaya daga bayan teku, namu daga Yamai,
dogon tebur, ƴar tuta gaban kowa,
kwalaben ruwa suna ta gumi.
In an so adadi sai a aika a kira ni,
in tsaya daga bakin ƙofa, littafi a hammata.

Mai furfura ya ce: aro muka ba ku, ba kyauta ba.
Namu ya gyara zama, ya ce:
wa ya taɓa ara wa maƙwabci ruwan kashe gobara,
wuta ta mutu, ya dawo da tulu yana awo?
Abarshi tafinta ya karɓi maganar,
ya shafa mata man shanu kafin ya miƙa.
Aka yi dariya. Aka ɗage zama sai Laraba.

Laraba aka ce a sayar a raba kuɗi.
Kashi nawa? Nan rana ta faɗi.
Alhamis aka ce a mayar wa masu shi,
sai alƙalami ya nuna kuɗin jirgi ya haɗiye kuɗin bargo.
Wani ya ce to a ƙone,
kada shinkafar banza ta karya farashi a kasuwa.
Abarshi ya haɗiye miyau,
ya faɗe ta da Hausa a hankali,
kamar mai kai labarin rasuwa.

Amma akwai wakilan da ba su da tuta.
Gara ta shigo ta kusurwar gabas, ba ta nemi biza ba.
Ɓera ya buɗe ofishi a cikin tanti,
damina ta sa hannu a kan rufin kwano.
Su ba su ɗage zama, ba su zuwa cin rana.
Kullum sai in rage adadi,
in rubuta sunan wanda ya ci.

Hurera mai ƙosai tana bakin ƙofa tun asuba.
Tsahiru, mi anka yanke?
In ce ba a yanke ba tukuna.
Sai ta juya ƙosai, ba ta dubi sito ba,
ni ma ban dubi ɗiyarta ba,
wadda tari ke girgizawa a kan buhun siminti.

Ran da aka sa hannu an yi tafi,
shafi bakwai, hatimi biyu, hoto ɗaya.
Madara ta riga su, ta lalace da kwana tara.
Rabin barguna na gwamnati,
rabi a yi gwanjo a biya bashi.
Kowa ya hau mota yana cewa ƙasarsa ta yi nasara.

Gobe zan tuɓe igiyar nan in miƙa.
Za su duba littafi, ba za su ga kuskure ba.
Sai dai bargo ɗaya, mai ratsin shuɗi,
na rubuta shi a layin gara.
Allah ya san garar.
Shekararta biyar,
kuma jiya ta kwana ba ta yi tari ba.