Keke Biyu

Shekara ashirin da biyu ina taka keke
ban gusa ko taku guda ba:
keken ɗinki ne, rumfa ta uku daga mai goro,
cikin babbar kasuwa.

Sai likita ya dubi takardata ya ce, "Harisu,
suga ya hau, tumbi na riga ka shiga ɗaki.
Ko ka motsa, ko a motsa ka."
Na komo gida ban ce wa Tsahara uffan ba,
na ture kwanon fura, na kwana da yunwa.

Ilu ɗan ƙanena ya zo da labari:
gasa ce mai rassa uku, in ji shi,
iyo a Madarunfa, keke kilomita ashirin,
sa'an nan biyar a ƙafa, har cikin Maraɗi.
Na ce, "Rubuta ni." Ya ce, "Baba, da gaske?"
Na ce, "Jaka biyu ce? Ungo. Ba fasawa."

Ɗan Tambai masunci ya koya mani iyo.
Wata uku yana kwance bisa gora yana dariya:
"Tela, hannunka almakashi ne, yanka mana!
Kai kuwa sai sha kake, kamar an aiko ka
ka rage wa kifi ruwa."

Ran gasa tun da asuba, mu talatin da bakwai:
samari 'yan lise, soja biyu, wani dogo daga Dakoro,
da Mushe Gonda, tsohon malamin lakwal, furfura fal.
Wandon da na sa, ni na ɗinka shi da dare.
Aka zana mani lamba sha tara a dantse.
Usur ya tashi, muka faɗa kamar kwaɗi.
Wani ya shure ni a haƙarƙari,
na yi salati, ya fito kumfa.
Sai na koma ƙirga hannu kamar ƙirgen ɗinki,
ɗaya, biyu, numfashi, ɗaya, biyu,
har yatsa ya taɓo laka, na miƙe jiki na rawa.

Keken na Ilu ne, sirdi kamar dutsen niƙa,
amma nan ƙafa ta gane gida.
Na wuce soja guda. Wallahi na wuce shi!
Sai dab da Jiratawa sarƙa ta zame.
Na durƙusa bakin kwalta, hannu baƙi ƙirin,
mata masu zogala suka sauke kaya suna kallo.
Wata ta ce, "Bawan Allah, wa ya koro ka?"
Na ce, "Likita." Suka kwashe da shewa.

Gudun kuwa, kada in yi maku ƙarya:
turmi biyu aka ɗaura mani a gwiwa.
Rana ta take. Yawu ya zama ƙaro.
Gabana Mushe Gonda yana ɗingishi,
na cim masa wajen gidan mai.
Bai dube ni ba, ya ce, "Tela, kar ka wuce ni,
kar kuma ka tsaya. Tsayawa ce mutuwa."

Muka shiga fili kafaɗa da kafaɗa,
an fara naɗe igiya, mai lasifika na shan shayi.
Ni na talatin da uku, shi na talatin da huɗu,
sauran ukun mota ta kwaso su.
Ba kofi, ba ambulan, sai ledar ruwan sanyi,
da Tsahara, wadda ta rantse ba za ta zo ba,
tsaye ƙarƙashin dogon yaro da silifas ɗina a hannu,
ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na girgizawa.

Litinin na buɗe rumfa da tafiyar agwagwa.
Hajiya Baraka ta zo biɗar atamfarta.
Na aza ƙafa bisa keke, cinya ta ce ba ta san zance ba.
Na ce, "Hajiya, sai jibi."
Ta ce, "Kullum jibi!" Ban yi musu ba.
Sha taran nan har yau tana nan dishi-dishi a dantse,
ni kuwa ban matsa mata da sabulu ba
wajen wankewa.